Tsohuwar tabulet mai ragi ko sabuwar fita: shekaru nawa kake saye?

A watan Oktoba na 2022 kamfanin Apple ya fito da iPad ta goma, ya sa mata dala 449. Mutane suka yi ta ƙorafin tsada, domin wadda ta gabace ta dala 329 ce. A watan Mayu na 2024 kamfanin ya sauke ta zuwa dala 349. Ba a cika shekara ba, a Maris na 2025, sai ga sabuwa mai ƙwaƙwalwar A16 ta fito a kan dala 349 ɗin nan dai, kuma da wurin ajiya na GB 128, wato ninkin GB 64 da tsohuwar ke farawa da shi.

To, a ce wani mai shago yana da ragowar ta goma a ajiye. Zai rubuta 449 ya ja mata layi, ya rubuta 299 a ƙasa da manyan lambobi. Bai yi ƙarya ba, an taɓa sayar da ita a haka. Mai saye zai ga an sauke masa dala 150, ransa ya yi fari. Amma farashin da aka soke ɗin ya daɗe da mutuwa, ba wanda ke biyansa. Abin da ya kamata ya duba shi ne tazarar da ke tsakaninta da sabuwar da ke kusa da ita a kanta ɗaya, kuma tazarar dala 50 ce kacal. A kan dala 50 zai haƙura da rabin wurin ajiya, ya karɓi ƙwaƙwalwar A14 wadda ta fara fitowa tun 2020, ya kuma yafe shekara biyu da 'yan watanni daga rayuwar na'urar. Wannan na ƙarshen shi ne ba a rubutawa a kan kowane kwali, kuma shi ya fi damuna.

Kada a ɗauka ni ɗan goyon bayan sabon yayi ne. Idan wani ya tambaye ni shawara, sau da yawa ta bara nake nuna masa. Tabulet ba waya ba ce. Ba a yawo da ita a aljihu, ba a damu da kyamararta ba, kuma aikin da ake yi da ita bai canza ba tun shekaru goma da suka wuce: karatu, kallo, sauraron tafsiri, duba mushafi da manyan baƙaƙe ga wanda idonsa ya fara rauni, darasin yara, lissafin shago. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar injin da ya fito watan jiya. Kamfanonin ma sun san haka, shi ya sa wani lokaci sabuntawar tasu suna ce kawai. iPad Air mai ƙwaƙwalwar M2 ta fito a Mayun 2024, mai M3 ta biyo ta a Maris na 2025, wata goma tsakani, jiki ɗaya, fuska ɗaya, farashin farawa ɗaya na dala 599. Wanda ya samu mai M2 sabuwa a kwali da ragi mai kauri, ya ɗauka ya tafi, ba abin da zai rasa da idonsa zai iya gani. Har ma akwai inda tsohuwa ta fi sabuwa. iPad Air mai M1 ta 2022 tana ɗaukar manhajar ƙirƙirarriyar basira ta Apple, alhali iPad mai A16 ta 2025 ba ta ɗauka. Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani suna da hujja a nan.

Saboda haka ba ina raba na'urori gida biyu ba ne, tsohuwa banza, sabuwa gwana. Abin da nake cewa shi ne kalmar "tsohuwa" tana rufe abubuwa masu nisan bambanci. Ta bara tsohuwa ce, ta shekara huɗu ma tsohuwa ce, kuma mai shago zai kira su duka da suna ɗaya: "Ai tsohon samfuri ne kawai, Alhaji, amma sabuwa ce dal, ko leda ba a ɓare ba." Gaskiya ya faɗa game da ledar. Sai dai agogon na'urar ba ranar da aka ɓare leda yake fara tafiya ba, ranar da kamfani ya fito da samfurin yake farawa.

Kowace tabulet tana tafiya ne a kan babbar manhaja da kamfani ke sabuntawa, yana toshe ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano, yana ba sababbin manhajoji damar zama. Wata rana kamfanin yakan cire hannunsa. A wajen Apple ana iya ganin tsarin a fili. iPad ta biyar, wadda ta fito a 2017, an bar ta a baya lokacin da iPadOS 17, sabon zubin babbar manhajar iPad, ya zo a 2023. Ta shida, ta 2018, an bar ta a 2024. Ta bakwai, ta 2019, iPadOS 26 ya tsallake ta a 2025. Kusan shekara shida ke nan kowacce, sannan a ci gaba da ɗan jefo gyaran tsaro jefi-jefi na wani lokaci. Idan aka bi wannan sawu, iPad ta tara, wadda ta fito a Satumba na 2021 kuma har yanzu take cike da kasuwanni saboda Apple bai daina sayar da ita ba sai 2024, ta riga ta cinye mafi yawan rabonta. Wanda ya saye ta yau a kwali ya sayi na'urar da ba a taɓa kunnawa ba amma ta kusa ritaya.

Ranar da aka cire hannun, na'urar ba ta mutuwa. Za ta kunnu, za ta yi kallo, mai ita ma ba zai san wani abu ya faru ba. Sai bayan watanni ne abin ke bayyana, ɗaya bayan ɗaya. Manhajar banki ta ce sai ka sabunta, ka je sabuntawa a ce na'urarka ba ta kai ba. Makarantar yaro ta turo manhajar darasi, ta ƙi sauka. WhatsApp, wanda sai a Mayun 2025 ya samu manhajarsa ta iPad, ya fito yana buƙatar aƙalla iPadOS 15.1, kuma irin wannan iyaka sama take yi kullum, ba ta sauka. Wannan shi ne tsufan na'ura na ainihi, kuma ba ya nuna kansa a jiki. Gilashi na ƙyalli, ciki an rufe ƙofa.

Shi ya sa lissafin da nake ba mutane ba ya wuce rabawa ɗaya: kuɗin da za ka biya, a raba shi da shekarun da suka rage. A ce tsohuwar naira 300,000 ce kuma shekara biyu suka rage mata, kowace shekara ta tashi a kan 150,000. A ce sabuwar 600,000 ce da shekara shida a gabanta, kowace shekara 100,000. Mai arahar ita ce mai tsadar. Lambobin nan misali ne na kawo, kowa ya sa na kasuwarsu, amma rabawar ba ta canzawa. Haka kuma za ta iya juyawa ta goyi bayan tsohuwar: ta bara mai saura shekara biyar, idan an sauke mata kashi ɗaya cikin huɗu, ta doke sabuwar ba gardama.

A ɓangaren Android tarkon ya fi zurfi, domin shekarar fitowa kaɗai ba ta isa a gane ba. Samsung ya yi wa Galaxy Tab S9 ta 2023 alƙawarin manyan sabuntawa huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar. Da Tab S10 ta zo a ƙarshen 2024, sai alƙawarin ya koma shekara bakwai. Shekara ɗaya ce tsakanin fitowarsu, amma wa'adin ɗaya zai cika wajen 2028, ɗayar sai wajen 2031. Mai saye da ya ce "ai ta bara ce kawai" ya yi asarar shekara uku bai sani ba. Su kuwa ƙananan tabulet masu launin alewa da ake sayar wa yara, waɗanda sunan da ke jikinsu ba a san kamfaninsa ba, ba su da wa'adin da za a lissafa ma. Da manhajar da suka zo da ita za su ƙare.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za a ce wannan lissafin masu hali ne. Wanda ke da 300,000 ba shi da 600,000, kuma ba a biyan mai shago da lissafin shekaru. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake samu a kan naira ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A wannan canji, dala 349 ta wuce naira rabin miliyan tun kafin a sa kuɗin jirgi, kwastam da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato iPad mafi araha a jerin sababbi ta haura albashin wata bakwai na ƙaramin ma'aikaci, bai ci ba, bai sha ba. Ga mutumin da ke wannan hali, cewa ya ƙara kuɗi ya sayi sabuwa kusan zagi ne.

Ban musa ba. Amma wannan hujja a wajena take ƙarewa. Mai kuɗi idan ya yi kuskure zai sake saye baɗi, ya miƙa wa ƙaninsa tsohuwar. Wanda ya yi adashi na watanni kafin ya haɗa kuɗin, shi ne ba zai iya kuskure ba, shi ne ya fi buƙatar sanin abin da ke cikin kwalin. Idan ya sani, zaɓi ya buɗe masa. Zai iya cewa na'urar ta yara ce, Alƙur'ani da darasi da kallo za a sauke a ciki, ba banki ba sirri, don haka tsohuwar ta isa, kuma ta isa ɗin. Zai iya taya ta a kan darajarta ta gaskiya, ya ce wa mai shago: "Malam, wannan ta 2021 ce, ba za ka sayar mini da ita kuɗin ta bara ba." Zai iya haƙura wata uku ya ƙara zubi. Abin da bai kamata ba shi ne ya biya kuɗin shekara biyar a ba shi biyu, yana godiya.

Akwai kuma batir, wanda a ƙasarmu ba ƙaramar magana ba ce. Batirin lithium yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. Apple da kansa yana ba da shawarar cewa idan za a ajiye na'ura na dogon lokaci a bar ta da rabin caji, a wuri mai sanyi, a kuma riƙa ɗan cajinta duk bayan wata shida. Wa ke buɗe kwali a sito ya yi wannan? Kamfanin ya kuma ce an tsara iPad ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, kuma zafin da ya haura haka yana rage ƙarfin batir har abada. Duk wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san digiri 40 ba labari ba ne, balle cikin shago mai rufin kwano da wuta ta ɗauke. Na'urar da ta yi bazara uku a irin wannan ajiya ba daidai take da wadda ta baro masana'anta watanni kaɗan da suka wuce ba, komai kyan ledarta. Kuma batirin tabulet manne yake a ciki, canza shi aiki ne na ɓalle gilashi, mai gyara ma sai ya yi bismilla sau biyu.

Ta hannu kuwa, wadda aka yi amfani da ita a waje aka kawo, wani babi ne daban, amma a kasuwa sukan cakuɗu, don ledar kwali ba wuyar sakewa gare ta ba. A nan abin tsoro biyu ne. Na farko makullin iCloud, wato asusun Apple na mai na'ura: idan mai ita na asali bai cire asusunsa ba, ranar da aka goge na'urar za ta tsaya cak tana neman kalmar sirrin wani mutum da ba za a taɓa gani ba. Na biyu, na'urorin da makarantu da kamfanoni a Turai da Amurka suka yi wa rajista da sunansu, waɗanda ke komawa ƙarƙashin ikon masu su da zarar sun hau intanet bayan gogewa. Maganin duka biyun ɗaya ne, a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a sake kunna ta da intanet, ka shigar da asusunka kafin kuɗi ya bar hannunka. Mai shagon da ya ce ba lokaci ya ba ka amsa.

Ƙananan abubuwa ma suna cin kuɗi. iPad ta tara ita ce ta ƙarshe mai bakin caji na Lightning, alhali duniya ta koma USB-C, musamman tun da dokar Tarayyar Turai ta tilasta shi daga ƙarshen Disamba na 2024. A gidan da kowa ke aron cajar kowa, wannan abin dubawa ne. Ta wani gefen sabuwar ce ke da cikas: iPad mai A16 da ke ɗaukar layi ba ta da ramin sim, sai eSIM, wato sim marar kati da sai ka nemi kamfanin layinka ya sa maka. Ta goma tana da ramin. Ga wanda ke zaune nesa da ofishin kamfanin waya, ko mai yawan canza layi don bin inda data ta fi araha, tsohuwar ta fi sauƙin zama da ita.

Duk wannan bayani da na jero, me ya sa sai mai saye ya zama mai bincike kafin ya same shi? Nan ne maganar ta tashi daga shawarar saye ta zama ta jama'a. Ba wanda zai karɓi gwangwanin madara ko kwalbar maganin tari da ba a rubuta ranar lalacewarsa ba, kuma idan aka kama mai sayar da irinsa, hukumar NAFDAC ta san abin da za ta yi da shi. Amma kayan rabin miliyan, wanda shi ma yana da ranar da zai daina amfanuwa, ana sayar da shi ba shekarar fitowa, ba wa'adi, sai "sabuwa dal".

Tarayyar Turai ta taɓa wannan. Daga 20 ga Yuni na 2025, waya ko tabulet da za a shigar kasuwarsu dole ta samu sabuntawar manhaja na aƙalla shekara biyar daga ranar da aka daina sayar da samfurin, ba daga ranar da ya fito ba. Dole batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, dole a samu kayan gyaranta har shekara bakwai bayan an daina sayarwa, kuma dole a manna takardar da ke nuna ƙarkon batir da sauƙin gyara inda mai saye zai gani. Hikimar tana cikin wurin da aka fara ƙirga: wanda ya sayi ta ƙarshe a sito da ragi, shi ma yana da shekara biyar ɗinsa. Da irin wannan doka, tambayar da muke ta fama da ita ta rage zafi sosai. Kuma ba sai an yi dogon tunani ba kafin a hango inda ragowar kayan da ba su cika sharaɗi ba za su nufa. Kasuwar da ba ta tambaya za su je.

Najeriya ba za ta iya tilasta wa Apple ko Samsung tsawaita wa'adi ba, kasuwarmu ba ta da wannan nauyi, Apple ko shagon kansa ba shi da shi a ƙasar. Amma bayyana gaskiyar kaya a wurin sayarwa yana hannunmu. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, doka ta ba ta ikon hana yaudara a talla da farashi. Farashin da aka soke bayan ya shekara biyu da mutuwa, idan ba yaudara ba ce, maƙwabciyarta ce. Hukumomin gwamnati ma masu saye ne, kuma su suka fi kowa sayen da yawa. Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare tabulet ɗin Opon Imo a 2013. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ta tanadi ɗimbin na'urorin hannu don ƙidayar da aka shirya yi a Mayun 2023, aka ɗage ta kwanaki kaɗan kafin lokaci. Kayan da aka saya da kuɗin jama'a ba su da wani batir na musamman da ke jiran gwamnati ta shirya. Duk gwamnan da zai sa hannu a kwangilar tabulet don makarantu, ya kamata a ce takardar ta faɗi shekarar samfurin da ranar da kamfani zai cire hannu, domin ɗan kwangila ma ya san daɗin ragowar sito.

Ban ma ga dalilin jiran Abuja ba. Kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da ta titin Beirut, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, duk wurare ne da 'yan kasuwa ke da shugabanni da ƙa'idojin da suke bi a tsakaninsu. Yawancin masu shagunan nan sun san samfuri da shekararsa fiye da yadda na sani, daga nesa suke gane ta tara da ta goma. Addininmu ma ya yi magana ƙarara a kan ɓoye aibin kaya, kuma ban ga yadda wa'adin da ya kusa cika zai fita daga wannan hukunci ba don kawai ido ba ya ganinsa. Ɗan kasuwar da ya ce, "Hajiya, wannan ta 2021 ce, za ta yi wa yara, amma idan da banki za ki yi aiki ki ɗauki waccan," zai iya rasa ribar ranar, amma Hajiya za ta turo masa 'yan uwanta.

Kafin a kai can, mai saye ya kunna na'urar ya shiga saituna, ya buɗe shafin bayaninta, sunan samfurin da lambarsa suna nan a rubuce. Ya sa sunan a intanet a wayarsa, a tsaye a gaban shagon, zai ga shekarar fitowa cikin minti ɗaya. Idan iPad ce, lambar da ke bayan kwali za ta nuna masa a shafin Apple ko garantin shekara ɗayan nan ya riga ya fara tafiya, wanda ke nufin wani ya taɓa kunna ta. Sannan ya tambayi farashin sabuwar, ba don zai saye ta ba, don ya san daga inda zai fara tayi.